Gasar Gashin Nama a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Gabar Yankuna da Inda Aka Fi Kiwon Alade

Duk mai kallon bidiyoyin girki a YouTube ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da wasu ƙartin Amurkawa ba, sun kewaye wani baƙin murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, suna ta cika baki cewa garinsu ne uban kowa a gashin nama. Abin da suke kira babakiyu ke nan, kuma gasa ake yi a kansa, da alƙalai da kofi da kuɗi. Mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, naman alade kuwa haramun ne a Musulunci, wannan ba abin ja ba ne. Shafin nan bayani ne kan al'adar wasu mutane da tattalin arzikinsu, kuma a ƙarshensa akwai abin da zai amfani wanda tafiya ta kai shi can alhali ba ya cin alade.

Shin ba gashin nama ba ne kamar kowane gashi?

Da ɗan bambanci. Mai tsire yana kafa tsinkensa a bakin tukuba, wuta na dukan naman kai tsaye, kafin ka gama cinikin na biyu na farko ya gasu. Su kuwa mutanen kudancin Amurka nesa suke ajiye naman da wuta, su bar zafi mara ƙarfi da hayaƙin itace su yi aikin. Zafin murhun yakan tsaya tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyas, kuma babban yanki ɗaya na iya cin awa 12 ko fiye.

Dalilin wannan jan lokaci shi ne irin naman da suke zaɓa: kafaɗa, haƙarƙari, ƙirjin sa, wato wuraren da dabba ta fi aiki da su, masu jijiya da tauri. Idan aka yi musu gashin gaggawa haƙori ba zai iya da su ba. Amma in zafi ya ratsa su a hankali har cikinsu ya kai wajen digiri 93 zuwa 95, jijiyar sai ta narke ta zama danƙo mai laushi, naman ya riƙa rabuwa da ɗan yatsa.

Akwai wani lokaci da ke tayar wa sabon shiga hankali. Da zafin cikin naman ya kai wajen digiri 65 zuwa 70 sai ya tsaya cak, awa biyu, awa uku, ma'auni ba ya motsi. Ruwan da ke fita daga jikin naman ne yake sanyaya shi daidai gwargwadon yadda wuta ke ɗumama shi. Wasu su yi haƙuri, wasu su naɗe naman da takardar alminiyam ko takardar mahauta don a wuce wurin da sauri. Ko a kan wannan naɗin ma akwai masu ganin ragwanta ce.

Me ya sa alade ya mamaye gashin kudancin ƙasar?

Saboda shi ne dabbar talaka a can tun fil azal. Turawan Sifen ne suka shigo da shi. Ayarin Hernando de Soto ya sauka Fulorida da aladu a 1539. A kudu maso gabas ba a buƙatar makiyaya ko shinge, sakinsu ake yi a daji su ci 'ya'yan itatuwa, lokacin sanyi a kamo a yanka. Babban taro kuwa, na siyasa ko na coci ko na girbi, sai a haƙa dogon rami a cika shi da garwashi a shimfiɗa dabba sukutum a kai.

Wanda ya kwana yana hura wannan garwashin, a mafi yawan gonakin kudu, bawa ne baƙar fata. Bayan an soke bauta a 1865 jikokinsu ne suka ɗauki sana'ar zuwa birane. Ana yawan tsallake wannan idan ana ba da tarihin gasar, domin filin gasa na yau galibinsa fararen fata ne masu halin sayen tirela da murhun dubban daloli.

Wace gaba ce ta fi zafi?

A ganina ta cikin gida ce, wato ta jihar Karolina ta Arewa, inda jiha ɗaya ta rabu biyu a kan tumatir.

Mutanen gabashin jihar alade guda suke gasawa, daga kai har ƙafa, su sassare shi da manyan wuƙaƙe, su haɗa farin nama da baƙi da fatar da ta soyu ta yi ƙaras-ƙaras, sannan su yayyafa binega, wato wani ruwa mai tsami, da gishiri da barkono. Shi ke nan. A garin Ayden akwai wani gidan abinci, Skylight Inn, da Pete Jones ya buɗe a 1947. Har ƙubba suka ɗora a kan rufinsa irin ta majalisar dokokin Amurka, don kowa ya san su ne hedkwata.

Mutanen yamma, wato yankin garin Lexington, kafaɗa kaɗai suke gasawa, kuma suna ɗan zuba miyar tumatir ta kwalba a cikin binegarsu. Ɗan gabas zai ce maka da tumatir ya shiga an gama ɓata nama. Ɗan Lexington kuma zai ce gasa dabba guda haɗa kai da ƙafa ne, kafaɗa ce mai kitse da daɗi, sauran ciko ne.

Kada a ɗauka raha ce kawai. A tsakiyar shekarun 2000 an kai ƙudiri majalisar dokokin jihar don a ayyana bikin gashin Lexington, wanda aka fara a 1984, a matsayin na jiha baki ɗaya. 'Yan majalisar gabas suka ce ba da su ba, ƙudirin ya mutu. Sai a 2007 aka yi sulhu: aka ba bikin matsayin bikin abinci na yankinsa kaɗai. Garin da mutanensa ba su kai 20,000 ba ya sa majalisa zaman sasanci a kan miya.

Maƙwabtansu na Karolina ta Kudu kuma sun ɓullo ta wata hanyar. A tsakiyar jihar, wajen birnin Columbia, miyarsu ruwan ɗorawa ce, ta mastad, abin da ake dangantawa da Jamusawan da suka zauna yankin tun ƙarni na 18. A nan ne kaɗai 'yan gabas da 'yan Lexington ke haɗa baki, su ce wannan kam ba su san ko mene ne ba.

To Teksas fa? Ai an ce su shanu suke gasawa.

Haka ne, kuma shi ya sa gabarsu da kowa ce. Ɗan Karolina yana ganin in ba alade ba ne to ba babakiyu ba ne. Ɗan Teksas yana ganin ƙirjin sa ne jarrabawar gwani, don ya fi kowane yanki saurin bushewa in aka yi sake.

Salon tsakiyar Teksas daga shagunan mahauta ya fito, na Jamusawa da Cekawa da suka zauna can a ƙarni na 19. Naman da bai ƙare ba sai su kyafe shi su sayar a kan takarda, da gishiri da masoro, sai itacen oak. Kreuz Market na garin Lockhart, wanda ke nan tun 1900, ya shekara da shekaru ba ya ba da miya, ba ya ba da cokali mai yatsu. Da hannu za ka ci.

A wannan gidan ne aka yi rikicin da har yau ake ba da labarinsa. Edgar Schmidt, wanda ya sayi shagon a 1948, ya bar wa 'ya'yansa maza sana'ar, ya bar wa 'yarsa ginin. Aka kasa daidaitawa a kan haya. A 1999 Kreuz ya tashi zuwa sabon gini, 'yar kuma ta buɗe nata, Smitty's, a tsohon wurin. Ranar ƙaura sai aka kwashi garwashi daga tsohon murhu aka zuba a bahon ƙarfe, aka ja shi kiii a kan titi, jama'a na biye, har sabon gini, don a ce wutar gidan ba ta taɓa mutuwa ba. A shekarar ce kuma majalisar wakilan jihar ta ba Lockhart laƙabin babban birnin babakiyu na Teksas.

Abin da ya fi kofi daraja a Teksas shi ne jerin gidaje 50 da mujallar Texas Monthly ke fitarwa bayan 'yan shekaru. A 2008 ta ɗora wani ɗan wuri mai suna Snow's a sama, wurin da ranar Asabar kaɗai yake buɗewa, kuma wata dattijuwa, Tootsie Tomanetz, ce ke kan wuta. Daga nan mutane suka fara yin dogon layi. Shi ma Aaron Franklin na birnin Austin, da ya fara da 'yar tirela a 2009, layinsa ya kai ga sai da Shugaba Obama ya nemi alfarmar tsallakewa a 2014, ya kuma biya wa waɗanda ya shiga gabansu.

Memfis da Kansas City kuma me ya haɗa su?

Haƙarƙari, da kuma wane ne ya fi babbar gasa. A Memfis, jihar Tenesi, an san su da busasshen haƙarƙari, wanda ake barbaɗa wa yaji ba tare da miya ba. Gidan Rendezvous na Charlie Vergos, tun 1948, shi ya yi suna da wannan. Kansas City kuwa komai suke gasawa, sa, alade, kaza, su lulluɓe shi da miya mai kauri da zaƙi. Su ne kuma suka mayar da ƙonannen gefen ƙirjin sa, wanda a da kyauta ake bayarwa ga masu jira, ya zama abin da ake rububi.

Abin dariyar shi ne uban gashin Kansas City ɗan wajen Memfis ne. Henry Perry, baƙar fata, ya fara sayar da nama a wani lungu a birnin wajen 1908, yana naɗe shi a takardar jarida. Daga hannun waɗanda suka yi masa aiki ne manyan gidaje biyu na birnin, Arthur Bryant's da Gates, suka samo asali. Mutanen Memfis ba sa gajiya da tuna musu wannan.

Waɗanne gasanni ne manya?

Huɗu ne aka fi ambata. Ta Memphis in May, wadda ake yi a birnin Memfis, an fara ta a 1978, kuma alade ne zalla a manyan rukunanta uku: dabba guda, kafaɗa, haƙarƙari. Wata mata, Bessie Louise Cathey, ce ta ci ta farko da haƙarƙari, aka ba ta dala 500. Ta American Royal a Kansas City ta fara a 1980 a gefen baje kolin dabbobi da ake yi tun 1899, kuma ita ce ta fi yawan ƙungiyoyi, sukan kai wajen 500. Ta Houston, tun 1974, tana buɗe bikin dabbobi da sukuwar kaboyi na birnin. Sai wadda kamfanin giya na Jack Daniel's ke shiryawa a ɗan garin Lynchburg kowace Oktoba tun 1989. Wannan ba a shiga sai da gayyata, kuma ko ka ci gasar jiharka wani lokacin sai an yi ƙuri'a tsakaninka da sauran zakarun jihar.

Yaya alƙalai ke yanke hukunci?

Tsarin da ya fi yaɗuwa na ƙungiyar KCBS ne, wadda aka kafa a Kansas City a tsakiyar shekarun 1980, kuma take sa ido a kan ɗaruruwan gasanni a shekara. Nama huɗu ake gabatarwa, rabin awa tsakaninsu: kaza da ƙarfe 12 na rana, haƙarƙarin alade 12:30, kafaɗa ƙarfe 1, ƙirjin sa 1:30. Minti biyar kafin lokaci zuwa minti biyar bayansa, ƙofar ke nan. Wanda ya makara da daƙiƙa ɗaya, kwanan da ya yi a bakin wuta ya tashi a banza. Shi ya sa za ka ga babban mutum da tumbi yana sassarfa tsakanin rumfuna, ya riƙe farin akwatin soso da hannu biyu, abokinsa na gaba yana kore masa hanya.

Akwatin ba suna, sai lamba, lambar ma ana canza ta kafin ya isa tebur. Alƙalai shida ne a kowane tebur, don haka dole a sa aƙalla yanka shida. Da farko a buɗe a nuna musu su ba da makin kyan gani, sannan kowa ya ɗauka ya ɗanɗana ya ba da na daɗi da na laushi. Maki daga 2 ne zuwa 9. 1 na wanda ya karya doka ne, kamar a sami tsinke ko guntun takarda a akwatin, ko ganyen ado da ba a yarda da shi ba. Daɗi ya fi nauyi, laushi ya bi masa, kyan gani ne ƙarshe. Ana jefar da makin alƙalin da ya fi rowa, cikakken maki kuma 180 ne. Ba a yarda a gasa da iskar gas ko lantarki ba, sai itace ko gawayi ko dunƙulen garin katako, kuma ana duba naman tun yana ɗanye don a tabbatar ba a jiƙa shi da kayan ƙamshi daga gida ba.

Laushi ma yana da iyaka. Haƙarƙarin da naman ya zube daga ƙashi, wanda mai saye zai yaba, a wurin alƙali ya wuce misali. So ake ka ciza, wurin haƙorinka ya fita sak, sauran ya tsaya a jikin ƙashi. Wannan jan zoben da ake gani a gefen yanka, wanda masu hoto ke so, an hana alƙalai ba shi maki, domin ana iya samar da shi da gishirin adana nama ko babu hayaƙi.

A Memfis kuwa, ban da akwati, alƙali da kansa yake zuwa rumfarka. A shimfiɗa masa tebur, shugaban ƙungiya ya buɗe murhu ya yi masa bayanin itace da yaji da irin dabbar, yana yanko masa daga nan da can. Mutanen Kansas City suna cewa wannan gasar iya baki ce. Na Memfis su ce akwatin soso ba ya nuna wa kowa ko ka iya gasa dabba guda.

Ke nan wanda ya ci kofi, yankinsa ne ya fi iya gashi?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Alƙali loma ɗaya ko biyu yake yi daga kowane akwati, ga wasu biyar na jiransa. Don haka mai gasa ba abincin da za a ci a ƙoshi yake dafawa ba, loma ɗaya yake ginawa wadda za ta doki harshe nan take. Sai a yi wa naman allurar romo da gishiri, a naɗe haƙarƙari da man shanu da zuma da jan sukari, a shafe shi da miya har yana ƙyalli. Su kansu masu gasar sukan faɗa cewa ba haka suke gasa wa iyalinsu ba.

Sakamakon shi ne, ko daga Ayden ka fito ko daga Lockhart, in kana son maki sai ka bi ɗanɗano ɗaya: zaƙi a gaba, gishiri a tsakiya, ɗan yaji a baya. Wanda ya kai naman gabashin Karolina na asali, mai tsamin binega, teburin KCBS, da wuya ya kai labari. Gasar da aka ƙirƙira don yankuna su gwada ƙwanji ita ce ta goge bambancinsu a cikin akwati. Gardamar yankuna tana nan da ranta, amma a gidajen abinci da shafukan jarida take, ba a filin gasa ba.

Shi ya sa sunayen da suka yi fice a gasa ba lallai daga manyan wuraren nan huɗu, wato Karolina da Teksas da Memfis da Kansas City, suke ba. Myron Mixon ɗan Jojiya ne. Chris Lilly, wanda ya ci Memphis in May sau da dama, yana aiki ne a gidan Big Bob Gibson na Decatur a Alabama, gidan da tun 1925 aka san shi da farar miyar mayonis a kan kaza. Melissa Cookston, wadda ta zama zakarar zakaru a Memfis a 2010 da 2012, daga Misisipi take.

Ana samun kuɗi a ciki?

Kaɗan ne ke mayar da abin da suka kashe. Kuɗin shiga, nama mai tsada, man mota, itace, ga murhu da tirela. Ribar tana zuwa ne daga baya: yaji da miya masu ɗauke da sunanka a kanti, ajin koyarwa, gidan abinci, talabijin.

Wane yanki ne ya fi kiwon alade?

In yawa ake nufi, babu gardama: jihar Ayowa. Tana riƙe da aladu wajen miliyan 24 zuwa 25 a kowane lokaci, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk na Amurka, alhali mutanenta ba su wuce miliyan 3.2 ba. Minesota da Karolina ta Arewa ke biye, kowacce da kamar miliyan 8 zuwa 9. Dalilin a fili yake: abincin dabbar masara ce da waken suya, Ayowa kuwa ita ce kan gaba a noman masara. Ya fi sauƙi a kai dabba wurin hatsi da a kai hatsi wurin dabba.

A lura da abu ɗaya. Ayowa ba ta da wani salon gashi da ake jin sunansa, Tenesi kuwa, mai Memfis, ba ta cikin manyan masu kiwo. Haƙarƙarin da ɗan Memfis ke bugun ƙirji da shi, akwai yiwuwar daga wani dogon ɗakin kiwo na tsakiyar ƙasar ya fito, a cikin kwali, kamar dai na abokin gabarsa na Kansas City.

Yawa daban, kyau daban. Wane ne ya fi kyau?

Masu gasa sun fi tambayar jinsi da abinci a kan tambayar jiha. Tun daga shekarun 1980 masana'antar ta dage wajen rage kitse, har a 1987 ta fara tallata naman a matsayin wani farin nama mai gogayya da kaza. Aka sami dabba mai saurin girma da nama fari fat, mai saurin bushewa. Wannan ya yi wa mai kanti daidai, bai yi wa mai awa 12 a bakin wuta ba.

Don haka suka koma wa tsofaffin jinsi. Duroc, mai jan gashi, wanda aka samar a arewa maso gabashin Amurka, shi ne ya fi yawa a akwatunan gasa saboda kitsen da ke ratsa tsokarsa. Berkshire baƙi ne, asalinsa Ingila, namansa ya fi duhu kuma ya fi riƙe ruwa. Akwai kuma na tsibirin Ossabaw a gaɓar Jojiya, jikokin waɗanda Turawan Sifen suka bari, ƙanana masu tara kitse, da Mangalitsa na Hungari mai gashi a nannaɗe. A ɓangaren sa ma haka abin yake: ƙirjin wagyu, jinsin Japan, ya zama ruwan dare a manyan gasanni duk da tsadarsa.

In aka fita Amurka fa?

Sin ce ke da kusan rabin aladun duniya, ko da yake cutar zazzaɓin aladu ta Afirka da ta shiga ƙasar a 2018 ta yi mata mummunar ɓarna kafin ta farfaɗo. Ta fuskar daraja da tsada kuwa, sunan da ake fara kira shi ne baƙin aladen Iberiko na kudu maso yammacin Sifen, a Extremadura da wajen garin Jabugo. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi ake sakinsa a dajin oak yana cin 'ya'yan da suka faɗo, kuma dokar ƙasar ta 2014 ta tsara wanda ya cancanci baƙin tambari, mafi daraja. Sai dai wannan ba don gashi ake kiwonsa ba. Cinyarsa ake sa wa gishiri a rataye har wajen shekara uku. A Japan kuma lardin Kagoshima ya yi suna da Berkshire ɗinsa da ake ciyarwa da dankalin Hausa.

Karolina ta Arewa ga kiwo ga gashi. Ba ita ce ta haɗa duka ba?

Ta haɗa, amma da tsada. A ƙarshen shekarun 1980 aladun jihar ba su kai miliyan 3 ba. Kafin 1997 sun doshi miliyan 10, akasarinsu a 'yan ƙananan hukumomin gabas irin su Duplin da Sampson. Kamfanin Smithfield ya buɗe mayanka a garin Tar Heel a 1992 wadda ke iya yanka fiye da 30,000 a rana. Kashin dabbobin a manyan tafkuna buɗaɗɗu ake tara shi, a riƙa fesa shi a gonaki. A 1997 jihar ta dakatar da gina sababbin manyan gidajen kiwo masu irin wannan tafki, a 2007 ta mayar da hanin na dindindin. Guguwar Floyd ta 1999 ta nutsar da dubban aladu, ta kuma kwashe ƙazantar zuwa koguna. A 2018 maƙwabtan gonakin, da yawansu baƙar fata ne masu ƙaramin ƙarfi, suka yi nasara a kotu a kan wani reshen Smithfield saboda wari da ƙuda. Kamfanin kansa tun 2013 wani kamfanin Sin ya saye shi a kan dala biliyan 4.7.

Shi ya sa wasu masu gashin dabba guda a yankin suka koma saye daga ƙananan manoma masu kiwo a fili, ko da farashin faranti zai tashi.

Su kansu masu shirya gasar suna faɗa da juna?

Sosai. Shekaru da dama ana yin gasar Memfis a filin shaƙatawa na Tom Lee, a bakin kogin Misisipi. Bayan an kashe maƙudan kuɗi an gyara filin, sai aka kawo wa masu shirya bikin lissafin ɓarnar da taron 2023 ya yi, sama da dala miliyan ɗaya. Suka tattara suka koma wani fili a cikin gari. A 2024 wasu suka kafa sabuwar gasa, SmokeSlam, a tsohon wurin, kuma a ranakun da tsohuwar ke gudana. Ƙungiyoyin da suka shekara suna kafa rumfa kusa da juna dole kowacce ta zaɓi ɓangare.

Wanda ba ya cin alade yana da wuri a wannan harka?

A gasar KCBS biyu daga cikin nama huɗun alade ne, don haka ba za a zama zakaran zakaru ba tare da shi ba. Ta Memfis kuwa ba a ma maganarta. Amma al'adar ta fi gasar faɗi. A Owensboro ta jihar Kentaki naman tunkiya suke kyafewa da itacen hikori, suna kuma da bikinsu kowane watan Mayu tun 1979, inda ƙungiyoyin cocin Katolika ke karawa da juna. A kudancin Teksas kan sa ake gasawa, a da a cikin rami. Yahudawan Memfis, waɗanda su ma ba sa cin alade, sun kafa tasu gasar ta naman sa tun ƙarshen shekarun 1980. A manyan birane irin su Houston da Dallas, inda Musulmi ke da yawa, ana samun wuraren da ke kyafe ƙirjin sa na halal.

Wanda ya shiga gidan babakiyu na gama-gari kuwa, ko da sa ya ce a ba shi, akwai abin dubawa. Ban da batun yanka, yawanci murhu ɗaya ne, wuƙa ɗaya, katako ɗaya, kuma kitsen na sama yana ɗiga a kan na ƙasa. Tsiran da aka ce na sa ne sau da yawa a hanjin alade ake ɗura shi. Waken da ake bayarwa a gefe da dafaffen ganye galibi da guntun alade ake dafa su, wasu miyoyin kuma ana zuba musu giya. A tambayi mai wurin kai tsaye kafin a yi oda; sun saba da irin tambayar, kuma akasari za su faɗa maka abin da ke ciki.